Layi Biyu a Kan Gwajin Korona: Abin da Ya Hau Kan Mutum Bayan Sakamako Ya Fito

A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta sauka daga matsayin larurar gaggawa ta duniya. Daga wannan lokaci wani nauyi ya tashi daga wuyan gwamnatoci ya koma wuyan ɗaiɗaikun mutane, ba tare da an yi shela ba. An rufe cibiyoyin killace masu cutar, jami'an da ke bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su sun koma bakin aikinsu na da, alƙaluman da hukumar NCDC ke fitarwa kowane dare kuma suka ɗauke. Ita kuwa cutar tana nan, ta shiga sahun infuluwenza da RSV, tana kewayowa lokaci bayan lokaci.

Abin da ya rage a hannun mutum shi ne ɗan kwalin gwajin gaggawa, wanda yake samu a babban kemis, ko a asibiti, ko ya shigo da shi daga tafiya, sai kuma minti goma sha biyar na jiran sakamako. Idan layi biyu suka bayyana, babu jami'in da zai kira shi, babu motar da za ta zo ɗaukarsa. Shi kaɗai ya gani, shi kaɗai zai yanke abin da zai biyo baya.

A nan ne mutane suka kasu biyu, kuma dukansu suna kan kuskure. Akwai wanda zai firgita, ya aika kemis a haɗo masa magani kala shida. Akwai wanda zai ce ai mura ce, ya jefa kwalin a shara, ya sa hula ya nufi ofis. Abin da ya dace yana tsakanin biyun: sakamakon ya ɗora wa mutum haƙƙi biyu, kowanne da wa'adinsa. Na farko haƙƙin jikinsa ne, domin magungunan da ke aiki a kan waɗannan ƙwayoyin cuta suna da 'yan kwanaki ƙalilan da suke da amfani. Na biyu haƙƙin mutanen da ke shaƙar iska ɗaya da shi. Gwajin da bai sauya komai a halin wanda ya yi shi ba, asarar kuɗi ce kawai.

Abin da layin yake faɗi, da abin da ba ya faɗi

Gwajin gaggawa yana neman wani sinadarin furotin ne da ke jikin ƙwayar bairos. Ana goga tsinken auduga a cikin hanci, a tsoma shi a ruwan gwajin, a ɗiga a kan ɗan allon. Layin da ke daidai da harafin C yana nuna cewa gwajin ya yi aiki. Layin da ke daidai da harafin T shi ke nuna an samu ƙwayar cutar. Ko da layin T ya fito dishi-dishi, ana lissafa shi a matsayin an kamu, matuƙar an duba shi cikin lokacin da takardar kwalin ta ƙayyade, wanda yawanci yake tsakanin minti 15 zuwa 30. Layin da ya bayyana bayan awa guda ba abin dogaro ba ne. Haka nan idan layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, sai a sake.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa irin wannan gwaji shi ne ya gano aƙalla kashi 80 cikin ɗari na masu cutar, ya kuma wanke aƙalla kashi 97 cikin ɗari na waɗanda ba su da ita. Ma'anar wannan ita ce, gwajin ya fi yin kuskure wajen cewa babu cuta alhali akwai, a kan cewa akwai alhali babu. Saboda haka wanda yake tari da zazzaɓi kuma ya ga layi biyu, ba ya buƙatar jiran gwajin PCR kafin ya fara ɗaukar mataki. Wanda ya ga layi ɗaya kuma jikinsa yana gaya masa akasin haka, shi ne ya kamata ya maimaita bayan awa 48.

Akwai abu biyu da layin ba ya faɗi. Bai faɗi tsananin da cutar za ta yi ba. Kaurin layi ba ma'aunin hatsari ba ne. Bai kuma ce babu wata cuta tare da ita ba. A ƙasar da take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Korona da maleriya suna iya haɗuwa a jiki ɗaya, kuma maleriya tana iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk mai zazzaɓi mai zafi, musamman yaro ko mai juna biyu, a yi masa gwajin maleriya ko da na korona ya riga ya nuna layi biyu.

Aikin farko bayan ganin sakamako mai sauƙi ne: a ɗauki hoton allon, a rubuta ranar da alamun ciwo suka fara. Duk lissafin da zai biyo baya, na magani da na killace kai, daga wannan rana yake farawa.

Wa'adin magani

Mafi yawan masu ƙuruciya da lafiya za su warke da hutu da ruwa. Amma akwai rukunin da cutar ta fi yi wa illa: dattawa, musamman waɗanda suka haura shekara 65; masu ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, asma ko wata cutar huhu; masu sikila; masu ƙiba mai yawa; masu juna biyu; da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni saboda ƙanjamau, maganin kansa ko dashen ƙoda. Wanda yake cikin wannan rukuni ya kira likita ranar da ya ga sakamakon, ko da yana jin ƙarfin jikinsa. Dalili shi ne, maganin bairos yana hana ƙwayar cutar hayayyafa ne, don haka amfaninsa yana farkon ciwo, lokacin da mutum yake ganin bai kai ga zuwa asibiti ba. In aka jira sai jiki ya rikice, an makara.

Ga korona, maganin da ya fi shahara shi ne Paxlovid na kamfanin Pfizer, wanda Amurka ta ba da izinin gaggawa na amfani da shi a Disambar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawararsa mai ƙarfi a Afrilun 2022. Ana fara shi ne cikin kwana biyar da bayyanar alamu, a sha na kwana biyar. A babban gwajin da aka yi masa, ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 89 cikin ɗari. Sai dai a lura, an yi wannan gwaji ne a kan masu rauni waɗanda ba su yi rigakafi ba. Ga mai ƙuruciya da lafiya, amfaninsa kaɗan ne. Akwai kuma remdesibir, wanda ake sawa ta jijiya kwana uku a jere, cikin kwana bakwai na farko. Ga infuluwenza, Tamiflu ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 48. RSV kuwa, ga mafi yawan masu ita, kulawa ce maganinta: ruwa, share hanci, da iskar oksijin idan numfashi ya yi wuya.

Paxlovid ba maganin da mutum zai rubuta wa kansa ba ne. Ɗaya daga cikin sinadaransa biyu, ritonabir, yana rage saurin hanta wajen narkar da wasu magunguna, sai su taru a jini. Ba a haɗa shi da simbastatin na rage kitsen jini. Yana ƙara ƙarfin amlodifin da masu hawan jini da yawa ke sha. Rifamfisin na tarin fuka da wasu magungunan farfaɗiya kuma suna kashe masa ƙarfi gaba ɗaya. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa adadi. Don haka kafin kiran likita, a jera duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, a karanta masa su ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiya ne cewa ba kowane asibiti ko kemis a Najeriya da Nijar ke da waɗannan magunguna ba, kuma inda ake da su, kuɗinsu ba na kowa ba ne. Wannan bai soke amfanin kiran likita da wuri ba. Likitan da ya san mai ciwon suga ya kamu zai ce a ƙara yawan auna sugan, zai duba ko akwai maganin da ya kamata a dakatar idan amai ko rashin cin abinci ya shigo, zai kuma faɗi alamar da in an gan ta a taho ba tare da jira ba.

Kwandon magungunan da ba su da aiki

Babban aibin mai ilimi a wannan fage shi ne ya san sunayen magunguna. Yana iya shiga kemis ya lissafo su da Turanci mai kyau, mai kemis kuma ya miƙo ba tare da neman takardar likita ba. Uku daga cikinsu sun cancanci a tsaya a kansu.

Kulorokwin shi ne na farko. A Maris 2020, bayan shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi, hukumomin lafiya na Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kwantar saboda shan sa fiye da kima. A Yunin wannan shekara, babban binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford ya nuna cewa ɗan'uwansa, haidiroksikulorokwin, bai rage mutuwar masu korona ba. Aibamektin ma an gwada shi a manyan bincike daga baya, bai nuna amfani ba.

Na biyu shi ne antibayotik, musamman azitromaisin. Wannan rukuni yana kashe bakteriya ne, bairos kuwa wata halitta ce daban. An gwada azitromaisin a kan masu korona a Birtaniya, a asibiti da a gida, bai taimaka ba. Illar shan sa ba bisa ƙa'ida ba kuma ba ta tsaya kan mai sha ba. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a Janairun 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a shekarar 2019, kuma yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a. Antibayotik yana da muhalli idan nimoniyar bakteriya ta biyo bayan mura, amma likita ne zai tantance hakan.

Na uku, kuma mafi ruɗi, shi ne deksametazon, domin shi yana aiki da gaske. RECOVERY ya nuna ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Amma ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin, bai yi amfani ba, har akwai alamar yana iya cutarwa. Aikinsa shi ne danne garkuwar jiki lokacin da ta wuce gona da iri. Wanda ya sha shi a kwanakin farko ya ɗaure hannun mai gadinsa ne daidai lokacin da ɓarawo ya shigo, ga shi kuma yana tayar da suga. Garin neman gira sai a rasa ido.

Abin da ya dace da mai jinya a gida bai da yawa. Farasitamol don zazzaɓi da ciwon jiki, kada babba ya wuce giram huɗu a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, a kuma duba magungunan mura na haɗi domin da yawansu suna ɗauke da farasitamol a ciki. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin, saboda ciwon Reye da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Ruwa da yawa, kunu, romo, da barci. Zuma tana sauƙaƙa tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Shayin citta da kanumfari da lemon tsami yana sanyaya maƙogwaro, babu laifi a sha, muddin ba a ɗauke shi a matsayin abin da zai hana zuwa asibiti ba. Sirace da tafasasshen ruwa kuwa ya ƙona yara da dama, gara a nisanta su da shi.

Alamun da ba a kwana da su

Korona tana da wata ɗabi'a da ke yaudarar masu jinya: sau da yawa tsananinta yana zuwa ne a ƙarshen mako na farko ko cikin na biyu, bayan an fara cewa jiki ya yi sauƙi. Alamun da ke wajabta tafiya asibiti nan take su ne wahalar numfashi, musamman idan mutum ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya, ciwo ko nauyi a ƙirji wanda ba ya tafiya, ruɗewa ko magana ba kan gado, barcin da ake wahalar tayar da mutum daga gare shi, ƙarancin fitsari, da sauyin launin leɓe. A fatar baƙar mutum, wannan sauyi ya fi bayyana a cikin leɓe, dasashi, harshe da ƙarƙashin farce, inda suke komawa toka-toka.

Ƙaramar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa tana da amfani, amma tana da aibin da ya shafi baƙar fata kai tsaye. Binciken Jami'ar Mishigan da aka wallafa a Disambar 2020 ya duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna musu tsakanin 92 da 96. Da aka auna jininsu kai tsaye, kashi 11.7 cikin ɗari na baƙaƙen fata suna ƙasa da 88, yayin da na fararen fata kashi 3.6 ne. Wato na'urar tana iya kwantar da hankalin wanda yake cikin hatsari. Ƙa'idar hukumar lafiya ta Birtaniya ita ce, 92 ko ƙasa da haka gaggawa ce, 93 zuwa 94 kuma a tuntuɓi likita. Ga Bahaushe, ƙarin ƙa'idar ita ce: idan lamba ta ce lafiya amma numfashi ya ce a'a, a bi numfashi. Lalle mai duhu da jan farce da sanyin yatsa ma suna iya ɓata awon.

Ga yara, a ƙirga numfashi na minti guda cikakke lokacin da yaro yake kwance shiru. Sau 60 ko fiye ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 ga ɗan wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, duk saurin numfashi ne. Lotsawar ƙasan ƙirji idan ya ja iska, ƙin kama nono, da jijjiga, alamun gaggawa ne. Jaririn da bai kai wata uku ba idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti kai tsaye. Haka mai sikila da ya yi zazzaɓi ko ciwon ƙirji, da mai juna biyun da ta ji motsin ciki ya ragu. RSV da ake rainawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 100,000 a shekara, kusan dukansu a ƙasashe masu tasowa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ranar farko a san asibitin da ke da oksijin, a san wanda zai yi tuƙi idan dare ya yi, a kuma tabbatar akwai mai a mota.

Kwana nawa za a zauna a gida?

A nan hukumomi sun sha bamban. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta Janairun 2023 ita ce kwana goma ga mai alamun ciwo, kwana biyar ga wanda ba shi da su, tare da damar fita da wuri idan gwajin gaggawa ya koma layi ɗaya. Birtaniya ta ce babba ya yi ƙoƙarin zama gida kwana biyar, ɗan ƙasa da shekara 18 kwana uku, a kuma nisanci masu rauni har kwana goma. Cibiyar CDC ta Amurka, a ranar 1 ga Maris, 2024, ta haɗa korona da infuluwenza da RSV a ƙa'ida ɗaya: a zauna gida har sai an yi awa 24 jiki yana samun sauƙi kuma babu zazzaɓi ba tare da taimakon magani ba, sannan a yi ƙarin kwana biyar ana taka-tsantsan.

Wasu na ɗaukar wannan saɓani a matsayin hujjar cewa masana ba su san abin da suke yi ba. Alhali a kan asalin magana babu jayayya: mutum ya fi yaɗa cutar daga kwana ɗaya ko biyu kafin alamu su bayyana zuwa kwanakin farko na ciwo, hatsarin yana raguwa a hankali, kuma wasu suna ci gaba da yaɗawa har kusan kwana goma. Inda suka bambanta shi ne nawa ne za a iya nema daga jama'a su kuma yi biyayya. Wannan lissafin siyasa da tattalin arziki ne.

Wanda yake da hali bai kamata ya fake da mafi sauƙin ƙa'ida ba. Ma'auni mai ma'ana shi ne kwana biyar a gida, takunkumi mai kyau har kwana goma, kuma kada a kusanci tsoho, jariri ko mai ciwo mai tsanani kafin cikar goman. Mai sauran kwalin gwaji ya yi amfani da shi: layi ɗaya sau biyu, da tazarar awa 48, alama ce mai kyau. PCR ba ya wannan aiki, domin yana iya ci gaba da nuna ɓurɓushin ƙwayar cutar har kwana 90 bayan an warke. Idan kuma alamu suka dawo bayan 'yan kwanaki, abin da ke faruwa ga wasu ko sun sha Paxlovid ko ba su sha ba, lissafi ya koma farko.

Gida, masallaci da dubiya

Waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne da tunanin gidan da kowa ke da ɗakinsa da banɗakinsa. Gidan Bahaushe ya fi haka cika, amma yana da abin da gidajen Turai ba su da shi: tsakar gida. Ƙwayar cutar tana yawo ne a iska, tana taruwa a rufaffen ɗaki kamar yadda hayaƙin turaren wuta ke taruwa. Zama a inuwar tsakar gida ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan falon da aka rufe aka kunna na'urar sanyaya ɗaki. Lokacin hunturu, da ake toshe tagogi saboda sanyi da ƙura, shi ne lokacin da ya fi buƙatar a riƙa buɗe su ko da na ɗan lokaci ne sau da yawa a rana. Mota mai rufaffen gilashi ita ce mafi munin ɗaki.

Mai ciwo ya kwana shi kaɗai in da hali, ya sa takunkumi idan zai fito cikin mutane, irin N95 ko KN95 in ya samu. Ya ci a kwanonsa, ya sha a kofinsa, a yawaita wanke hannu da sabulu. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin jinya, kuma kada ya zama kaka ko mai juna biyu, duk da cewa su ne suka fi saurin miƙa kansu. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, ta sa takunkumi ta wanke hannu. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abu mafi wuya shi ne mutane. Zumunta a ƙafa take, kuma da zarar an ji wane ba shi da lafiya, 'yan dubiya za su cika falo, galibinsu manya. Nauyin hana wannan yana kan mai ciwon da iyalinsa: a faɗi sunan cutar ƙarara, a ce a yi gaisuwa ta waya. Haka batun jam'i da Juma'a. Malaman fiƙihu sun daɗe da lissafa rashin lafiya cikin uzurorin da ke sauke halarta, sahun gaba kuma dattawa ne suka fi cika shi. Ɗaurin aure, suna da zaman makoki duk suna karɓar uzuri. Waɗanda aka zauna da su cikin kwana biyu kafin fara ciwo kuma suna da haƙƙin a sanar da su, domin wani a cikinsu zai koma gida ne wurin mahaifiya mai ciwon suga.

Wanda yake ganin wannan tsanantawa ce ya tuna Kano a Afrilun 2020. A watan Yunin wannan shekara, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken gwamnati ya ƙirga mace-mace 979 a birnin, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce ta jawo su ko ta tayar da su. Galibin mamatan sun haura shekara 65. Rigakafi da kamuwar baya sun rage kaifin cutar ƙwarai tun daga lokacin, amma rukunin da take zaɓa bai sauya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi, da wanda ba ta shafa ba

Akwai suka mai nauyi a kan duk wannan: mai shayi, ɗan adaidaita da mai ɗinki ba su da kwana biyar da za su bayar. In ba su fita ba, tukunya ba ta hau wuta. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta karya dokar kulle a 2020. Ga irin waɗannan, abin da za a nema shi ne gwargwadon iko: takunkumi, aiki a sarari, da nisantar tsofaffi.

Amma wannan hujja ba ta ma'aikacin banki ba ce, ko malamin jami'a, ko darakta a ma'aikata. Shi albashinsa zai shigo ko ya je ko bai je ba, rabin aikinsa kuma yana yiwuwa ta waya da kwamfuta. Abin da ke kai shi ofis da zazzaɓi shi ne son a ce yana da himma. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikacin da dokar ta shafa damar hutun rashin lafiya da albashi har kwanakin aiki goma sha biyu a shekara, idan likita ya tabbatar. Shugaban da yake yi wa mai neman wannan hutu kallon malalaci zai biya da ma'aikata biyar a kwance maimakon ɗaya.

Mai hali kuma shi ne gwamnatin wasu. Direbansa, mai aikin gidansa da maigadinsa ba su da takardar ɗaukar aiki, balle hutun rashin lafiya. Idan shi ne ya kamu, bai dace ya zauna a bayan mota gilashi a rufe direba yana shaƙa ba, ko ya bar yarinyar aiki tana share ɗakinsa babu takunkumi. Idan su ne suka kamu, a ba su hutu ba tare da an taɓa albashinsu ba, a biya musu kuɗin gwaji da magani. In ba haka ba za su ɓoye ciwon, su zo aiki da shi, kuma suna da gaskiya.

Akwai ribar da ke komawa ga mai hutun kansa. Wasu suna fama da gajiya, ƙarancin numfashi da raunin tunani watanni bayan korona, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa ma'ana a hukumance a Oktoban 2021: alamun da ke nan bayan wata uku da kamuwa, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu. Wanda ya ga haka ya koma wurin likita, kada ya bari a ce masa raki ne. Bayan an warke kuma, lokaci ne na tambayar likita game da rigakafin korona da na infuluwenza ga dattawan gida, domin infuluwenza kaɗai tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara.

A 2020 doka ce ta tsare mutane a gida, da sojoji da shingaye, kuma mutane da yawa sun ji zafin hakan da hujja. Yau babu mai tilasta wa kowa, saura abin da mutum ya zaɓa alhali babu mai ganinsa. Mai ƙuruciyar da ya ga layi biyu, mai yiwuwa ne ƙwarai ya miƙe cikin mako guda. Kwana biyar ɗin da zai zauna a gida na tsohon da ke kusa da shi a sahu ne, da jaririyar da za a miƙo masa ranar suna, da direban da ba shi da ikon cewa a sauke gilashi.